Razana daban, fargaba daban: yadda ake auna fim ɗin ban tsoro

A cikin Cat People, fim ɗin da aka yi a Amurka a 1942, akwai wata fitowa da har yau masu harkar fim ba su gama cin moriyarta ba. Wata mata ce ke tafiya ita kaɗai da daddare a gefen doguwar katanga, fitilun titi jefi-jefi, ta fita daga haske ta shiga duhu, ta sake ɓullowa. A bayanta ana jin takun takalmin wata matar, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Can sai takun ya ɗauke. Ba kiɗa, ba magana. Ta waiga, ba kowa. Ta ƙara sauri. Mai kallo ya riga ya ji cewa wadda ke biye da ita ana zargin tana rikiɗa ta zama baƙar damisa, don haka kunnensa gurnani yake jira. Sai wani huci mai ƙarfi ya keta shirun, kowa ya zabura, ashe motar bas ce ta taka birki a gabanta ta buɗe ƙofa.

Jacques Tourneur ne ya ba da umarni, furodusa kuma Val Lewton, wanda kamfanin RKO ya gindaya wa sharaɗin kada fim ya wuce dala 150,000. Ba shi da kuɗin ƙera dodon da zai gamsar da ido, sai ya sayar wa mutane duhu da shiru. Har yau masu sana'ar suna kiran irin wannan zaburar ta ƙarya da sunan bas ɗin Lewton.

Abubuwa biyu ne suka faru da mai kallo a wannan fitowar, kuma Hausa ta raba musu suna. Hucin bas ɗin razana ce: ta zo bagatatan, jiki ya amsa kafin hankali ya san me ake ciki, daƙiƙa biyu ta wuce. Tafiyar da ta gabace shi kuwa fargaba ce, zullumin abin da bai zo ba tukuna, wanda ke sa mutum ya riƙe numfashi bai sani ba. Akwai na uku da fim ɗin bai taɓa ba, wato ƙyanƙyami, abin da jini da ruɓa da tsutsa ke jawowa. Yawancin sharhin da ake rubutawa kan finafinan ban tsoro yana cakuɗa ukun nan wuri guda ya ce fim "ya ba da tsoro" ko "bai ba da tsoro ba". Wannan bai gaya wa kowa komai ba. Yaro ma zai iya razana ka in ya laɓe bayan ƙofa ya fasa leda. Mahauci na iya sa wani ƙyanƙyami ba da niyya ba. Fargaba ce ke buƙatar gwani, kuma ita ce ke bin mutum har shimfiɗarsa.

Yadda ake ɗana razana

Razana mai kyau tana da matakai, kuma duk wanda ya san su zai riƙa hango ta tun daga nesa. Da farko a ba mai kallo dalilin damuwa: ƙara a ɗakin da aka san ba kowa, ko ƙofar da aka bari a rufe aka tarar a buɗe. Sai a janye kiɗa, a rage duk wani sauti, saura numfashi da taku. Wannan janyewar ita ce rabin aikin, domin ƙarfin ƙara a kunne ya danganta da shirun da ya gabace ta. Daga nan a ja idon mai kallo zuwa wani ɓangare na hoton, galibi inda ɗan wasan ke duba. Sau da yawa a nan ake saka ta ƙarya, kyanwa ta diro daga saman kabad, mutum ya sauke ajiyar zuciya. A cikin wannan sakin jikin ne ta gaskiya ke faɗowa, daga gefen da ido bai tsare ba.

The Exorcist III na 1990, wanda William Peter Blatty ya ba da umarni, yana da misalin da ake koyarwa da shi. An kafa kyamara a ƙarshen wani dogon baranda na asibiti da dare, aka bar ta nan. Daga nesa ana hango ma'aikaciyar jinya tana kai da komo, ta duba wannan ɗaki, ta koma teburinta, masu gadi su shigo su fita. Ta ji wata 'yar ƙara, ta bi sawu, ashe ƙanƙara ce ke narkewa a kofi, ga kuma mai barci da ya tashi ya daka mata tsawa. An sha ta ƙarya ke nan. Kyamara ta koma mazauninta na nesa, komai ya lafa har ya fara gundura. Ta kulle wata ƙofa ta juya baya, sai wani abu lulluɓe da farin mayafi ya fito daga ƙofar nan da wani ƙaton almakashi ya nufi wuyanta, kyamara ta zuƙo, aka yanke. Mintoci aka kashe ana gini, abin da kansa bai fi daƙiƙa biyu zuwa uku ba, kuma ba a nuna ɗigon jini ba.

Inda ake ɓata ta sananne ne. Na farko yawa: idan kowane minti biyar sai an buga ganga a kunnen mutum, kafin rabin fim jikinsa ya saba, ya koma lissafin lokacin da ta gaba za ta zo. Na biyu, razanar da ba ta da tushe a cikin labarin, misali aboki ya dafa kafaɗar jaruma a sako ƙarar da ta isa rushe gini, alhali a duniyar fim ɗin ba abin da ya yi ƙara. Bas ɗin Lewton bas ce ta gaske, birkinta ne ya yi huci. Na uku, a saki razanar da wuri kafin fargaba ta nuna. Darakta Alfred Hitchcock ya taɓa kwatanta wannan da bam a ƙarƙashin tebur: in ya tashi ba wanda ya san da shi, an samu mamaki na daƙiƙa 15, in an nuna wa masu kallo shi da agogonsa tun farko, hirar banza da mutanen ke yi a teburin za ta zama zullumi na minti 15.

Kunne kafin ido

Mai son gane inda tsoron fim yake ya ɗauki fitowar da ta fi tayar masa da hankali, ya kashe sauti, ya sake kallo. Mafi yawansu za su zama mutane suna yawo a ɗaki mai duhu. Kaɗan ne ke tsira daga wannan gwajin.

Fitowar wanka ta Psycho, 1960, mako guda aka yi ana ɗaukarta, an kafa kyamara sau 78, an yanka hoton sau 52. Kusan ba a ga wuƙa ta shiga jiki ba. Jinin da ke gangarawa ruwan cakulan ne, tunda fim ɗin baƙi da fari ne, kuma cakulan ya fi jan ruwa kama da jini a irin wannan hoton. Ƙarar sukan kuwa, wani ɗan'uwan kankana da ake kira kasaba aka riƙa caka wa wuƙa a gaban makirfo. Hitchcock, daraktan fim ɗin, da farko ya so a bar fitowar ba kiɗa. Bernard Herrmann ya rubuta mata kiɗan gogen Turawa zalla, tsinin sauti mai kama da ihu, da Hitchcock ya ji sai ya sauya ra'ayi. Mutane da yawa sun fita daga silima suna rantsuwa sun ga abin da ba a nuna musu ba. Kunne ne ya gaya wa ido.

The Exorcist na 1973 ya ci kyautar Oscar ta sauti, kuma ya cancanta. Muryar shaiɗanin da ke magana ta bakin yarinyar ta wata gogaggiyar 'yar wasan rediyo ce, Mercedes McCambridge, wadda ta riƙa haɗiyar ɗanyen ƙwai da zuƙar taba don muryarta ta dushe. Ƙarar da ake ji lokacin da kan yarinyar ke juyawa, tsohon walat na fata aka murɗa kusa da makirfo. Shi kuma ɗakin yarinyar, sanyaya shi aka yi da manyan injina har ƙasa da inda ruwa ke daskarewa, domin tururin numfashin 'yan wasa ya fito a hoto.

Jaws na 1975 ya yi wata dabarar da ta fi waɗannan wayo. Mai tsara kiɗa John Williams ya ba kifin shak ɗin da ke kashe mutane a fim ɗin amo biyu kacal, suna maimaituwa suna ƙara sauri. A rabin farko na fim ɗin, duk sanda aka ji su to kifin na nan da gaske. Da wasu yara suka yi wasan tsoratar da mutane da fiffiken kifi na ƙarya, ba a sa kiɗan ba. Mai kallo ya koyi dokar bai san ya koya ba, kamar wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Da ya gama yarda cewa in ba kiɗa ba haɗari, sai kifin ya ɗago kai a bayan jirgi tsit, lokacin da jarumin ke watsa nama a ruwa yana mita. An kafa doka ne domin a karya ta sau ɗaya a inda za ta fi ciwo.

Akwai kuma sautin da ba a lura da shi. Kunnen ɗan'adam na kama abin da ke kaɗawa daga sau 20 zuwa kusan sau 20,000 a daƙiƙa. Can ƙasa, daga 100 zuwa 20, rugugi ne da ƙirji ke ji fiye da kunne. Paranormal Activity, wanda Oren Peli ya ɗauka a gidansa da dala 15,000 ya kuma samo sama da dala miliyan 190, a kan wannan ya dogara: kyamara na tsaye tana kallon ma'aurata suna barci, agogo na gudu a kusurwar hoto, sai wani rugugi ya taso a hankali kafin ƙofa ta motsa. Sifikar waya ba ta iya fitar da wannan rugugin. Wanda ya kalli fim ɗin a waya ba iyafis ya kalli mutane suna barci ne kawai, kuma in ya ce bai ji komai ba gaskiya ya faɗa.

A nan ne matsalar finafinan fassara take. Mai fassara da ke ɗora murya a kan fim ɗin faɗa ko na soyayya yana iya ƙara masa armashi. A fim ɗin ban tsoro kuwa, shirun da darakta ya gina shi ne wurin da mai fassara ke ganin ya samu fili, sai ya cike shi da bayani ko barkwanci, a kuma danne sautin asali don muryarsa ta fito. A ɗauki A Quiet Place na 2018, inda iyali ke magana da hannu suna tafiya ba takalmi a kan yashin da suka shimfiɗa, domin ƙaramar ƙara na jawo halaka. An nuna ƙusa ta miƙe a matakala tun da wuri, aka bar mai kallo da ita yana jiran ƙafar da za ta taka. Idan kyamara ta koma wajen 'yar gidan, wadda kurma ce, sauti na ɗaukewa gaba ɗaya. Ɗora surutu a kan wannan daidai yake da kunna fitila ana tsakiyar tatsuniyar dodo.

Duhu, da abin da aka hana ido

Ido wa ka raina? Wanda nake gani kullum. Dodon fim ma haka yake. Kifin Jaws na inji ne, guda uku aka ƙera, ruwan gishiri ya riƙa lalata su har aikin da aka tsara wa kwana 55 ya kai 159. Dole ta sa darakta Steven Spielberg ya nuna abin da kifin ke yi maimakon kifin: katakon gada da ake ja, da gangunan ruwan ɗorawa da ke gudu a saman teku. The Blair Witch Project na 1999 ya kai abin ƙarshe, domin har aka tashi ba a nuna mayyar ba ko sau ɗaya, tarin duwatsu ne da 'yan itatuwa ɗaure a reshe, amma ya tara kusan dala miliyan 248.

Halloween na 1978 bai fi dala 325,000 ba. Fuskar makashin ta roba ce ta kanti, mai siffar ɗan wasa William Shatner, aka saye ta ƙasa da dala 2, aka faɗaɗa idanun aka fesa mata farin fenti. Dubi abin da mai ɗaukar hoto Dean Cundey ya yi da ita. Jarumar na tsaye jikin bango tana kuka bayan ta ga gawarwakin abokanta, kusa da ita ƙofa ce baƙa ƙirin. Cundey ya saita wata ƙaramar fitila mai makunnin da ke ƙara haske sannu a hankali, ya riƙa murza shi kaɗan-kaɗan, farar fuskar ta riƙa tsatsowa daga cikin baƙin kamar yadda ido ke sabawa da duhu. Ba wanda ya yi tsalle ya faɗo. Yana nan tun ɗazu, kai ne ba ka gan shi ba, kuma wannan ya fi ciwo. Shekara 40 bayan haka Hereditary ya maimaita darasin: saurayi ya farka a gado, can a kusurwar rufin ɗaki uwarsa na manne, kyamara ba ta nuna ta da yatsa ba, sai wanda idonsa ya kai.

Wannan ma akwai abin da ke kashe shi. Bidiyon da aka saba kallo yana da matakai ɗari biyu da 'yan kai tsakanin baƙi ƙirin da fari fat, kuma irin waɗannan siffofin na zaune ne a 'yan matakan ƙasa. Idan aka matse fim don ya yi sauƙin turawa a waya, manhajar matsewa bayanan cikin duhu take fara zubarwa, tana ɗauka ba mai lura. Sai bangon ya zama dabbare-dabbaren murabba'ai, matar da ke kusurwa ta narke a ciki. Ƙara hasken waya har ƙarshe ba ya gyarawa, baƙin ne ke komawa toka-toka. Kafin mai sharhi ya yanke wa fim hukuncin "duhu ya yi yawa, ba a ganin komai", ya nemi kwafi mai nauyi, ya kashe fitilar ɗaki, ya sa iyafis.

Game da jini da kwalliya magana kaɗan ta isa. The Texas Chain Saw Massacre na 1974 ana tuna shi a matsayin mayanka, alhali jinin da ke cikinsa bai taka kara ya karya ba. Inda kuma za a nuna dodon ƙuru-ƙuru, abin da aka ƙera da hannu ya fi daɗewa bai tsufa ba, domin hasken da ke dukan ɗan wasa shi ke dukansa, kuma ɗan wasan yana kallon abu ne na zahiri. Halittun da Rob Bottin ya ƙera wa The Thing na 1982 da roba da injina har yau suna tayar da tsikar jiki. Wanda aka yi a 2011 don ba da labarin abin da ya gabata an ƙera masa irinsu, daga baya aka lulluɓe yawancinsu da zanen kwamfuta, kuma tuni ya yi kama da wasan gem. Abin lura ga masu saurin yanke hukunci: na 1982 ɗin masu sharhin zamaninsa sun yi masa kaca-kaca, kasuwa ma ba ta karɓe shi ba, ya fito mako biyu bayan E.T. lokacin da jama'a ke son baƙon sama mai kirki.

Abin da mai kallo ya zo da shi daga gida

Duk gwanintar darakta, yana aiki ne da abin da mai kallo ya riga ya yarda da shi. Mai shan jini da ake kora da tafarnuwa da sakandami tsoron Turai ne. Nosferatu na 1922 ana girmama shi saboda inuwar nan mai dogayen farata da ke hawa matakala, kuma sa'a ce ma aka same shi, tunda kotu a Jamus ta ba da umarnin a lalata kwafinsa bayan ƙarar da matar marigayi Bram Stoker, marubucin littafin Dracula da fim ɗin ya kwaikwaya, ta shigar. Amma mai sharhi ya faɗi gaskiya: yau kallonsa ake don sha'awa, da wuya ya hana wani barci. Wanda ya tashi yana jin kada a zuba ruwan zafi a ƙasa ba bisimilla, kada a bar yara waje da magariba, kada a zauna gindin tsamiya da tsakar rana, wani abin daban ne ke taɓa shi. Shi ya sa jerin Dabbe da Siccin na Turkiyya, masu magana kan aljanu da sihiri, da Pengabdi Setan na Indonesiya na 2017, suke kama Musulmi ta inda na Amurka ba sa kaiwa, ko da aikin wasunsu bai kai na Amurkan tsafta ba. Under the Shadow na 2016 ya fi su natsuwa: uwa da 'yarta a bene a Tehran lokacin yaƙin Iran da Iraƙi, makami mai linzami ya huda rufin bai fashe ba, maƙwabta na ta gudu, ana raɗe-raɗin aljanu na tafiya da iska. Har ƙarshe ba ka rabe tsakanin aljani da ruɗewar uwar da yaƙi ya gigita. A Najeriya ma Living in Bondage na 1992 bai yi tashe don kyan hoto ba. Labarin mutumin da ya ba da matarsa don kuɗin tsafi, fatalwarta ta hana shi sakat, abu ne da masu kallo suka riga suka sha ji a unguwa.

Saboda haka sharhi mai amfani yakan ce wa fim ɗin zai kama, ya kuma ce me ya sa.

Sai kashi na ƙarshe na fim, inda mafi yawa ke faɗuwa. An yi awa guda ana ɓoye abu, yanzu dole a biya bashi. Nan ne za ka ga an kawo wani masani ya buɗe tsohon littafi ya karanta tarihin aljanin daga kakansa, ko a fito da dodon tsakiyar haske ana kokawa da shi, fargaba ta koma dambe. Tambayar da mai sharhi zai riƙe ita ce: wace doka fim ɗin ya kafa, kuma ya tsaya a kanta? Ringu na Japan, 1998, dokarsa ɗaya ce: ka kalli wani kaset, waya ta yi ƙara, saura maka kwana bakwai. Kowace fitowa tana cin wani abu daga kwanakin nan, don haka ko ana shan shayi fargaba na aiki. Darakta Hideo Nakata ya riƙe fatalwar har mintocin ƙarshe, bayan an sa mai kallo ya ɗauka an kashe wutar. Da ta fito daga rijiya ta nufo gilashin talabijin, tafiyarta ba irin ta mutane ba ce, gaɓoɓin na karyewa ta inda bai kamata ba. 'Yar wasan da baya-baya ta yi tafiyar, aka ɗauka, sannan aka juya hoton. Fuskar kuwa gashi ya rufe ta ruf, ido ɗaya tak aka bari ya leƙo, shi ma na wani namiji ne daga cikin ma'aikatan fim ɗin.